Tambaya da Amsa: Katin Tarot da Kakannin da Mutum Ya Zaɓa wa Kansa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a birnin Manchesta na Ingila, shekarata uku ke nan da barin Kano. Watanni biyar da suka wuce Allah Ya yi wa mahaifiyata rasuwa. Ina bakin aikin dare aka kira ni, kuma kafin in gama neman tikitin jirgi har an kai ta makwancinta. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idona. Wata abokiyar aikina, mutuniyar kirki, ta lura da halin da nake ciki, ta gayyace ni gidanta, ta fito da waɗansu katuna masu zane da ake kira tarot, ta ce in zari ɗaya. Na zaro mai hoton wani mutum lulluɓe da baƙin mayafi, ya sunkuyar da kai yana kallon kofuna uku da suka kife, ga waɗansu biyu a tsaye a bayansa bai waiwaye su ba. Anti, ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na yi kusan awa biyu ina ba ta labarin Mama, kuma a daren na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin rasuwar. Yanzu ta ce in tanadi ɗan tebur in ɗora hoton Mama da kofin ruwa da kyandir, in kuma zaɓi waɗansu mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, ko da ba dangina ba ne, su zama kakannina na ruhi masu yi mini jagora. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba zan ƙaryata sauƙin da na ji ba. Mene ne wannan kati, kuma me ya kamata in yi? Don Allah a sakaya sunana.

AMSA

Wa alaikis salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashinta.

Bari in fara da katin kansa, domin abin da mutum ya san asalinsa ba ya cika yi masa kwarjini. Tarot (a baki ana cewa "taro", amma babu abin da ya haɗa shi da taron jama'a) ƙunshin kati 78 ne. Guda 56 daga ciki sun kasu gida huɗu, wato kofuna, takubba, sanduna da tsabar kuɗi, sauran 22 kuma manyan hotuna ne masu sunaye irin su Wawa, Mutuwa, Hasumiya, Tauraruwa, Wata da Rana. Karta ta shiga Turai a wajajen shekarun 1370, kuma masana tarihi sun fi karkata ga cewa daga Masar ta zamanin sarakunan Mamaluk ta tsallaka, domin katunan Mamaluk da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul suna ɗauke da kofuna da takubba da tsabar kuɗi da sandunan wasan ƙwallon dawaki. A arewacin Italiya, wajajen 1440, aka ƙara manyan hotunan nan domin sarakuna da attajiran Milan da Ferrara su sami sabon wasan hira. Fiye da shekara ɗari uku ana buga shi a matsayin karta kawai, kuma har gobe akwai masu buga shi haka a Faransa.

Sai a 1781 wani marubuci a Faransa mai suna Court de Gébelin ya fito da da'awar cewa hotunan ɓoyayyen ilimin Misrawan dauri ne, alhali a lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni, domin sai a 1822 aka warware shi. Da'awar ba ta da tushe, amma ta karɓu, masu duba suka rungume ta. Katin da kika zara kuwa, daga yadda kika siffanta shi, "kofuna biyar" ne na ƙunshin da aka buga a Landan a 1909, wanda wata mai zane, Pamela Colman Smith, ta zana bisa umarnin Arthur Waite. Ke nan mutumin nan mai baƙin mayafi da ya sa ki kuka, hannun wata baiwar Allah ne ya zana shi shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, kuma an buga shi ba adadi.

To, daga ina sauƙin ya fito? Ba na shakkar kin ji shi, kuma ba na so ki zargi kanki a kan barcin da kika samu. Amma ki tuna abin da ya wuce ki. Da kina gida, da an shimfiɗa tabarmi, da kin zauna a tsakiyar 'yan'uwa mata kwana uku ko bakwai, masu gaisuwa suna shigowa ayari ayari suna cewa "ya haƙuri?", kowace ta zo da nata labarin Mama: wadda ta yi mata rakiya asibiti, wadda ta ranta wa kuɗin adashi ba ta taɓa tambaya ba, wadda suka yi makarantar allo tare. Da kin maimaita yadda abin ya faru sau hamsin har harshenki ya saba da faɗinsa. Zaman makoki aikinsa ke nan, kuma ke ba ki same shi ba. Kin ajiye waya kin koma kan marasa lafiya. Wata biyar kina ɗauke da kukan da ba a ba ki wurin yinsa ba, sai ga mutum ɗaya ta zaunar da ke, ta ba ki lokacinta, ta sa miki hoto a gaba ta yi shiru. A ganina, awa biyun nan da kunnen da ta ba ki su ne maganin. Katin ƙofa ce kawai da maganar ta bi ta fito.

Za ki ce, to me ya sa ya dace da halinki haka? Domin an zana hotunan ne a kan abubuwan da ba wanda ya tsira daga gare su: rashi, tafiya, tsoro, jira, fata. Da wani kati mai hoton kwale-kwale kika zara, mai mace da yaro a zaune ana tuƙa su zuwa wancan tsallake, da kin ga kanki a baƙunci. Da Tauraruwa ce, da kin ce Mama ce take leƙo ki. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takardu ya ce kowa bayanin halinsa ne na kansa, ya nemi su auna dacewarsa. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3 cikin 5, sannan ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga wani littafin taurari na kasuwa ya tsinto jimlolin. Zuciyar da ke cikin ƙunci ta fi kowace saurin ganin kanta a duk abin da aka nuna mata.

A ɓangaren addini, ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma wannan ba ya cikin mas'alolin da suke da duhu. Larabawan jahiliyya suna da kibau da ake kira azlam, waɗanda suke zara domin su san ko su yi abu ko su bari, kuma Alƙur'ani ya haramta su a aya ta 3 da ta 90 ta Suratul Ma'ida. Imam Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Mu nan mun san bugun ƙasa da wuri da sauran hanyoyin duba, kuma sauya faifan yashi da kati mai sheƙi bai sauya aikin ba. Masu karatunmu Kirista ma za su tarar da irin wannan hani a babi na 18 na littafin Maimaitawar Shari'a a cikin Littafi Mai Tsarki. Gaskiya ne da yawa daga masu tarot a Turai da Amurka a yau suna cewa su ba gaibu suke dubawa ba, madubi kawai suke sa wa zuciya, kuma mai yiwuwa abokiyarki tana cikinsu. Sai dai iyakar tana da siriri ƙwarai. Wadda ta zara yau domin ta yi kuka, gobe za ta zara domin ta ji ko Mama ta yafe mata rashin zuwa, jibi kuma ko ta koma gida ko ta zauna. Shawarata ki bar shi tun bai zama abin da kike jira ya yanke miki hukunci ba. Abin da ya shige miki duhu, ga istihara ga shawarar na gaba.

Maganar kakannin zaɓi ita ce ta fi jan hankalina, domin akwai wani abu na gaskiya a ƙarƙashinta. Al'adar ta yi ƙarfi ne a Amurka, musamman a tsakanin mutanen da salsalarsu ta yanke. Baƙaƙen fatar da aka bautar da kakanninsu sukan bi sunayen dangi baya har su tsaya cik a ƙidayar jama'a ta 1870, wadda ita ce ta farko da ta rubuta yawancinsu da sunayensu, saboda haka waɗansu sukan ɗauki irin su Harriet Tubman, wadda ta kuɓuta daga bauta ta kuma koma ta fito da waɗansu, a matsayin kaka. Akwai kuma waɗanda suka ɓata da danginsu suka nemi madadi. Tebur mai kofin ruwa da kyandir kuwa ya yi kama da abin da masu kiran ruhohi suke yi a Kuba da Puerto Rico, ya kuma ɗebo wani abu daga bikin matattu na Meziko da ake yi a farkon Nuwamba. Abu biyu ne aka cakuɗa a ciki. Na farko shi ne mutum ya dubi rayuwar wani da ya shuɗe ya ƙarfafa zuciyarsa da ita. Na biyu shi ne ya kira shi, ya ajiye masa ruwa, ya jira jagorarsa. Na biyun bai halatta ga Musulmi ba, kuma mamaci shi ne mai buƙatar addu'armu.

Na farkon kuwa namu ne tun fil azal. A ƙarshen Suratu Hud, Allah Ya gaya wa Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Yana ba shi labaran manzanni ne domin Ya tabbatar da zuciyarsa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga mutuwar makusanta ɗaya bayan ɗaya, ta yi musu waƙoƙin marsiyya, kuma a wajajen 1837 ta jera sunayen mata na gari a waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, tun daga iyalan gidan Annabi, zuwa Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har zuwa matan da ta sani a cikin jama'arta. Malamanmu sun yi saɓani a kan tawassuli, kuma ba a wannan fili za a raba gardamar ba, amma ba su yi saɓani a kan karanta tarihin mutanen kirki da koyi da su ba. Idan kina neman wanda ya ɗanɗani irin abin da kika ɗanɗana, ga Sa'adu ɗan Ubada: Bukhari ya ruwaito cewa mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, ya zo ya tambayi Annabi ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa e, sai ya ba da gonarsa. Shi kansa Annabi yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta.

Saboda haka ki nemi lambar aminan Mama biyu ko uku, ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ki ce su ba ki labarinta, ki kuma aika musu da ɗan abin da ya sawwaƙa. Ki yi mata sadaka mai gudana daidai ƙarfinki. Ki gaya wa matan da kuke haɗuwa a masallaci ko 'yan ƙungiyarku ta Hausawa cewa ba ki sami zaman makoki ba, su zo ɗakinki rana guda a yi addu'a a ci abinci. Ba na jin za su ƙi. Abokiyar aikinki kuma kada ki yar da ita. Ki gode mata, ki ce mata addininki bai yarda da katin da teburin ba, amma kina son shayin da hirar.

Abu na ƙarshe, kuma ke ma'aikaciyar lafiya ce kin fi ni sani: Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa baƙin cikin rashi da ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa lalura ce da ake dubawa. Kina gab da wannan iyaka, ga aikin dare. Ki ga likitan da kika yi rajista da shi a kan rashin barcin, ki tambayi ko asibitinku yana da limami mai kula da ma'aikata da majinyata, kuma akwai ƙungiyar Cruse da ke sauraron waɗanda aka yi wa rashi kyauta. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai.

TAMBAYA

Hajiya, barka da aiki. 'Yata mai shekara 17 ta faɗi jarrabawa bara, tun daga nan nake ganinta tana kallon waɗansu mata a TikTok suna juya katuna suna cewa saƙon nata ne. Ta ce wasa ne kawai. In ƙwace wayar? Daga wani uba a Kaduna.

AMSA

Malam, Allah Ya shirya mana zuri'a. Ka fara nuna mata yadda abin yake aiki: bidiyon da aka ce "naki ne" dubban mutane ne suke kallonsa a lokaci guda, kuma manhajar tana ƙaro mata irinsa ne saboda ta ga ta tsaya a kan na farko. Ku zauna tare ku buɗe sharhin da ke ƙasa, ta ga mutum nawa ne suka rubuta cewa da su ake. Ka kuma gargaɗe ta cewa daga irin waɗannan shafuka ne ake bin yara ta saƙon sirri a ce an ga wani duhu a tare da su, sai sun turo kuɗi a kawar da shi. Ƙwace waya ba zai taɓa abin da ya kai ta can ba, wato faɗuwar da har yanzu take ci mata rai. Ka tambaye ta, ko ka sa mahaifiyarta ko wata gwaggo da take sakewa da ita ta tambaye ta, me take tsoro game da sake zama jarrabawar, sannan ku je tare ku yi mata rajistar ta bana.