Ku Tambaya: An bar jihar Tawa a baya ne, kuma da wace tiya ake aunawa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina ɗaukar albasa daga Galmi zuwa Yamai. A fadarmu ta shayi a nan Tawa wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Yawancinmu mun tsaya a kan cewa Yamai ta haɗiye arzikin ƙasa, an bar mu da ƙura. Sai wani ɗalibi a cikinmu ya ce a binciken hukuma talaucin jihar Tawa bai kai na Maraɗi da Damagaram da Dosso ba, muka yi masa ca. To Malam, ta yaya ake gane wata jiha ta fi wata? Kuma tazarar nan ƙaruwa take ko raguwa tun zamanin iyayenmu?

Wani direba, Tawa

AMSA

Wa'alaikumus salam, ɗana. Da farko ku ba ɗalibin nan haƙuri, domin bai yi ƙarya ba. A binciken rayuwar iyalai da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, ta gudanar a 2018 zuwa 2019, an samu kashi 40.8 cikin 100 na 'yan Nijar suna ƙarƙashin layin talauci. Dosso da Damagaram da Maraɗi ne suka fi kowa, Tawa ta faɗo ƙasa da matsakaicin ƙasa, Agadas na can ƙasa sosai, Yamai kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Sai dai ku ma da kuka yi masa ca kuna da hujja. Abu biyu ne daban kuke magana a kai: shi yana maganar abin da ke shiga bakin mutane, ku kuna maganar abin da ƙasar Adar take samarwa da hannun 'ya'yanta a cikinta.

Na yi shekaru ina bin gidaje da takardar tambayoyi, don haka bari in gaya maka yadda alƙaluman ɗalibin suke samuwa. Ana zaɓen gidaje, a wancan binciken kimanin 6,000 a faɗin ƙasa, a zauna da maigida da uwargida a tambaye su abin da aka ci cikin kwana 7 da suka wuce: hatsi nawa, mai nawa, an sa nama ko ba a sa ba. Wanda aka saya da wanda aka ɗebo daga rumbu da wanda maƙwabci ya aiko, duk ana mayar da su kuɗi. A haɗa da tufafi da magani da kuɗin makaranta da haya, a raba da yawan mutanen gidan. An sa layin talauci a jika 181 da ɗoriya ga mutum guda a shekara, kusan dala ɗari, wato sefa 500, ke nan a rana. Ana kuma zuwa zagaye biyu, ɗaya bayan kaka, ɗaya daga bazara zuwa farkon damina, domin wanda ya auna gidan manomi a watan Nuwamba kaɗai zai ɗauka kowa a ƙoshe yake.

To me ya ɗaga Tawa a wannan awon? Kai ka fi ni sanin amsar, tunda kana ganin layin mata a ƙofar gidajen tura kuɗi. Bida ce, wato fita neman kuɗi a ƙasashen waje. Ba'adare na Abijan, yana Legas, yana Libiya da Aljeriya da Kamaru, gumin da ya zubar a can shi ne tuwon da aka rubuta a takardata a wani ƙauyen Buza ko Keita. Takardar ba ta tambaya ko maigidan ya shekara uku bai ga 'ya'yansa ba. Wannan ne ke ci mini rai duk lokacin da na ji an karanta alƙaluman nan da murna, kamar an gama da matsalar Adar. Jihar da take ciyar da kanta ta hanyar fitar da majiya ƙarfinta waje, sauƙinta na rataye ne da darajar naira, da zaman lafiyar Libiya, da buɗewar iyaka. Mun gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka sake gani a takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Mutanen Konni ba sai an ba su labari ba.

Awo na biyu shi ne na abin da aka samar, wanda masana ke kira PIB: darajar duk abin da aka noma, aka kiwata, aka haƙo, aka ƙera ko aka yi na hidima cikin shekara. Wanda aka fi bugawa na ƙasa baki ɗaya ne. Idan an zo raba shi jiha-jiha, a raba kuma da yawan jama'a, nan ake shiga rami. Ƙidayar 2012 ta ba Nijar mutum miliyan 17.1, Tawa na da kusan miliyan 3.3, Yamai miliyan 1 da kaɗan, Agadas ba ta kai rabin miliyan ba. Ɗora uraniyom ɗin Arlit, da aka fara haƙowa tun 1971, a kan mutanen da ba su kai rabin miliyan ba, sai lissafi ya nuna kowane ɗan Agadas attajiri ne. Haka man Agadem a jihar Diffa, wanda ake tacewa kusa da Damagaram tun 2011, aka kuma fara fitar da ɗanyensa ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin a 2024. A takarda an samar da shi a Diffa. Makiyayin Ngurti bai ga canji a ƙwaryarsa daidai da wannan lissafi ba. Doka ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da hukuma ke samu daga ma'adinai da man fetur a mayar wa yankunan da aka haƙo su, kuma wannan ne adadin da ya kamata ɗan yankin ya bi diddiginsa.

Yamai ma akwai abin lura. Cibiyoyin bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati duk suna can. Katin waya da aka saya a Abalak, ribarsa na iya bayyana a littafin Yamai idan mai lissafi bai yi hattara ba. Kenan wani ɓangare na haɗiyar da kuke zargi gaskiya ne, wani ɓangaren kuma wurin rubutu ne kawai.

Ni awon da na fi amincewa da shi, wanda kuma nake so fadarku ta riƙe, shi ne abin da yinin aiki guda yake haifarwa. A nan ne ainihin ciwon yake. Manomin hatsi a tudu yana samun abin da bai cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba a hekta guda, aikin kuma na wata uku ne zuwa huɗu. Sauran shekarar hannunsa ba shi da abin kamawa. Mai lambun albasa a Galmi ko kwarin Tarka, a fili daidai wannan, yana iya tashi da tan 30. Ƙarfinsu ɗaya, ƙila ma uwarsu ɗaya. Abin da ya raba su ruwa ne, da injin ban-ruwa, da taki, da hanyar da motarka za ta bi. Ko shi mai albasar, idan ya sayar a lokacin cira sa'ad da kasuwa ta cika, ya yi wa ɗan kasuwa aiki. Idan ya ajiye a rudu yana jiran tsada, wani kaso ya ruɓe. Don haka ba a tsaya ga nauyin amfanin gona ba. Ana cire kuɗin iri da mai da taki, abin da ya rage a raba shi da kwanakin da aka yi aiki. Ma'aikacin kamfanin siminti a Malbaza zai fito sama da su duka a wannan lissafi, saboda injin da ke gabansa, ba don ya fi su ƙwazo ba. Duk wanda ya ce maka wata jiha ta fi wata samarwa saboda mutanenta sun fi himma, tambaye shi wata nawa ake samun aikin yi a kowace.

Ka lura misalan nan duk a cikin jihar Tawa suke. Akwai ma'aunin da wani Ba'italiye mai suna Corrado Gini ya fitar a 1912, daga 0 zuwa 1, mai nuna yadda rabo ya karkata. Akwai kuma na Henri Theil, ɗan ƙasar Holan, na 1967, wanda amfaninsa shi ne yana raba tazarar gida biyu: wadda ke tsakanin jihohi, da wadda ke cikin kowace jiha. A mafi yawan ƙasashe ta cikin ce ke rinjaye. A namu binciken na 2018 zuwa 2019 talauci ya kusan kai kashi 47 a karkara, a birane kuwa kimanin kashi 12. Ma'aikaci a birnin Tawa ya fi kusa da takwaransa na Yamai a kan manomin da ke tafiyar sa'a guda daga gidansa.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi wuya. In za ka kwatanta hatsin bana da na bara, dole tiyar ta zama guda. Idan bara da babba aka auna, bana da ƙarama, gardama kawai za a yi. Tiyar ƙididdiga kuwa ta sha canzawa. A 2011 an ce talauci kashi 48.2 ne, a 2018 zuwa 2019 aka ce 40.8, amma na biyun da sabon tsarin da ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, suka haɗu a kai aka yi shi, tambayoyin da layin duk an sake su. Kuɗin ma ya canza: a Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, don haka jika ɗaya ta zamanin babanka ba a jera ta da taka sai an cire tsadar da ta shiga tsakani. Iyakoki sun motsa; a 2011 gundumomi suka tashi daga 36 zuwa 63, aka cire Malbaza daga Konni, wanda duk ya ɗora Konnin 2001 a kan ta 2012 zai ga kamar gari ya ragu. Ga kuma damina. Wanda ya fara lissafi daga 1984, shekarar fari, komai zai gani ci gaba ne. Shi ya sa ake haɗa shekaru biyar ko fiye a ɗauki matsakaici, kuma da haka ne ake ganin amfanin aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984, da shingayen dogon yaro na kwarin Magiya, da tassa ta Illela, wato ramukan shuka masu tare ruwa, domin a shekarar ƙarancin ruwa suke nuna kansu.

Abin da zan iya tsaya maka a kai shi ne wannan. Kason matalauta a ƙasa ya ragu idan aka kwatanta da farkon shekarun 2000, lokacin da ya haura kashi 60. Amma jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 a shekara bisa ƙidayar 2012, wato tana ninkawa cikin shekara 18, don haka yawan matalautan kansu ƙaruwa ya yi, gona kuma tana ƙara tsagewa tsakanin magada. Yamai tana gaba da nisa a kowane bincike. Kuma irin wannan tazara ba ta rufuwa da sauri ko a inda ake da kuɗi. Masana biyu, Barro da Sala-i-Martin, sun bi jihohin Amurka na sama da shekara ɗari, suka ga tazarar na raguwa da kusan kashi 2 a shekara, wato shekara 35 kafin a ci rabinta. Italiya ta kafa asusu na musamman don kudancinta a 1950, har yau kudu na baya. Don haka idan an yi muku alkawarin kamo Yamai cikin shekara biyar, ku tambayi hekta nawa za a ba ruwa, da ɗakunan ajiyar albasa nawa za a gina.

TAMBAYA

Malam, ni malamar makaranta ce a unguwar Bukoki. Ana ta cewa mu 'yan Yamai ba mu da talauci, alhali haya da kuɗin wuta sun hana mu numfashi. Ina gaskiyar take?

Wata malama, Yamai

AMSA

Malama, kukanki na kan hanya. Layin nan na dala ɗari a rana an gina shi ne a kan abincin da zai ba mutum ƙarfin kalori 2,300, da ɗan abin da ba makawa na sutura da muhalli. Wanda ya haye shi da taku guda an cire shi daga matalauta, ko da rashin lafiyar yaro ɗaya za ta mayar da shi. Masu binciken suna gyara lissafi saboda bambancin farashi tsakanin birni da ƙauye, amma gyaran na matsakaici ne, bai san mai gidan hayarki ya ƙara kuɗi ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa shiga lissafin Yamai sam. Binciken gidaje yake bi, kuma ɗan gida shi ne wanda ya zauna wata shida ko yake da niyyar zama haka. Ɗan cin rani da ke tura baro a kasuwar Katako yana kwana a rumfa, a ƙauyensu za a rubuta shi. Idan kina son sanin halin da gidanki yake ciki, duba kaso nawa na albashinki ke tafiya a abinci da haya, ki kwatanta da na shekara biyar baya. Idan kason ya hau alhali cimar ba ta ƙaru ba, kin koma baya, ko da sunanki bai taɓa shiga jerin matalauta ba.