Wakili, Kakaki, da Mai Magana da Yawun Wani

Wani mai karatu daga Kafanchan ya rubuto cewa gardama ta kaure a zumuntar matasan ikilisiyarsu kan wanda ya cancanci tsaya wa Kiristoci masu bishara a harkokin ƙasa: fasto, ɗan siyasa, ko shugaban ƙungiya. Tambayarsa ita ce ko "wakili" da "kakaki" abu ɗaya ne, kuma ko karin maganar nan "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi" ta raba gardamar.

Malam, ba ɗaya ba ne. Wakili daga Larabci muka aro ta, kuma sharaɗinta sai an wakilta mutum. Dubi wurin ɗaurin aure. Wakilin ango na zaune a kan tabarma, ya nema, aka ba shi, ya ce ya karɓa, shaidu suka ji. Maganarsa ta ɗaure ango ne don ango da danginsa suka tura shi. Da wani zai faɗo daga waje ya ce ya karɓa, ko ya fi kowa murya, aure bai ɗauru ba.

Kakaki kuwa asalinsa dogon ƙahon ƙarfe ne da ake busa wa sarakuna, wanda tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Muhammadu Rumfa. Aikinsa isar da murya nesa. "Mai magana da yawun wani" ma haka, yawun ba nasa ba ne, don haka ba shi da ikon ƙara ko gishiri.

Masu bishara a Arewa ba su rasa tsari ba. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin mishan na SIM, tarayyar TEKAN ta haɗa ikilisiyoyi irin su EYN da COCIN tun 1955, kuma ECWA da TEKAN ɓangare ɗaya ne cikin biyar na CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya da aka kafa a 1976. Shugabannin ƙungiyoyin nan zaɓarsu ake yi, wa'adinsu na ƙarewa, ana iya tuhumarsu a majalisar ikilisiya. A ganina su ne kalmar wakili ta hau. Ɗan majalisa, ko da dattijon ikilisiya ne, wakilin mazaɓarsa ne, Kirista da Musulmi duka. Abin da ke damuna shi ne masu wa'azin da suka yi suna a Facebook suna cewa "mu Kiristocin Arewa mun yanke", alhali ba wanda ya aike su, kuma in maganar ta jawo fitina, talakan ƙauye ke kwana a ciki.

Karin maganar kuwa kun ɗora mata kayan da ba nata ba. Tana nufin wanda abu ya shafa ya fi iya bayaninsa, ba ta naɗa kowa wakili. Matar da aka raba da gidanta a Chibok ko Gwoza ita ce mai waƙar, kuma wakilin da bai je ya zauna ya ji ta bakinta ba, ku tambaye shi a taronku na gaba daga ina ya samo abin da yake faɗa.