An fasa mini shago a Gusau, in share ko in jira 'yan sanda?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka ce an ɓalle maka kwaɗo da dare, ka ga jini a bakin taga, kana so ka share ka ci gaba da kasuwa. Dakata tukuna.

Fara da tsare ƙofa. 'Yan jaje ne suka fi lalata shaida: wannan ya ɗaga kwaɗo, wancan ya taka sawun ɓarawo. Ka karɓi gaisuwarsu a waje. Daga bakin ƙofa ka ɗauki hotuna da waya, na nesa da na kusa, kafin a motsa komai.

Jinin nan shi ne babbar shaidarka, don ana iya gwada shi a gano mai shi. Kada ka wanke, kada ka goge. In akwai tsumma mai jini, kada a ƙulle shi a leda. Danshi da zafi na ruɓar da shi. Ƙwararru kan bari ya bushe su sa a takarda, kuma aikinsu ne, ba naka ba. Su ke rubuta wanda ya ɗauka da lokacin, in ba haka ba lauyan wanda ake zargi zai ce an sauya kayan.

In maƙwabcinka yana da kyamarar tsaro, ka roƙe shi yau ya adana hoton, don na'urar kan shafe tsoho da kanta. Ka kai rahoto caji ofis mafi kusa, ka riƙe rasit ɗin kayan da aka sace.