Yaushe Zan Fara Ba Jaririna Kunu?

Tambaya: Ɗana ya cika wata huɗu, kuma surukata ta dage cewa nono ba ya isar sa a wannan zafin bazara, don haka in fara ba shi kunu da ruwa. Mece ce shawararku? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malama, ki ƙara haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, domin mafi yawan nonon ruwa ne, kuma saurin ba da kunu yakan jawo gudawa. Ki lallaɓa Hajiya ta raka ki awo, ta ga nauyin jikanta a ma'auni da idonta, hankalinta zai kwanta.

Idan ya cika wata 6, wuyansa ya tsaya, yana zama in an tallafe shi, yana kuma bin cokali da ido, sai ki fara da cokali 2 zuwa 3 na kunun gero mai kauri, ba tsululu ba, sau biyu a rana, kina zuba garin gyaɗa ko waken soya, tare da dafaffen ƙwai da kifin da aka cire wa ƙaya. Zuma kam, kada ya ɗanɗana sai ya shekara. Ki ci gaba da shayarwa har shekara 2.