Ƙorafin mata ya ƙaru a ofishinmu: ci gaba ne ko koma baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce mai ritaya, kuma ina cikin kwamitin amintattu na wata ƙungiyar mata a garinmu. Mun samu tallafi na shekara uku domin taimaka wa mata su karɓi haƙƙinsu a kotu da wajen hukuma. Yanzu an ci rabin wa'adi, masu ba da tallafin sun ce a zauna a yi bita. Rahoton da ma'aikatanmu suka kawo cike yake da yawan tarukan da aka yi, da mutanen da aka horar, da shirye-shiryen rediyo. An kuma ce matan da ke kawo ƙorafi ofishinmu sun ƙaru sosai. Wasu a kwamiti na cewa nasara ce, wasu na cewa alama ce abin ya ƙara lalacewa. Ni ba lauya ba ce. Me ya kamata in duba kafin in sa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka da alheri da ba ki sa hannu ido rufe ba. Rashin zama lauya ba zai hana ki komai ba a wannan aiki. Wadda ta shekara tana bambance ɗalibin da ya zo aji da ɗalibin da ya fahimci karatu ta riga ta san rabin aikin bita.

Bari in fara da gardamar da ta raba kwamitinku, domin ita ce mai sauƙi. Binciken lafiya da yanayin iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko wani cin zarafi na jiki tun daga shekara 15. Cikin waɗanda aka ci zarafinsu, kashi 55 ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba. Kashi 32 ne kawai suka nemi taimako, mafi yawansu kuma wajen danginsu suka je, ba wajen 'yan sanda ko kotu ba. To idan mafi yawan abin yana ɓoye a ɗaki, buɗe ƙofa guda zai sa adadin da ake gani ya hau ko da abin da ke faruwa a gari bai canza ba. Saboda haka ƙaruwar ƙorafi a shekara ɗaya da rabi ta farko ta fi kama da alamar an san da ku, an kuma fara amince muku. Ba ta nuna abin ya lalace ba. Amma kuma ba ta nuna an samu adalci ba. Ta nuna mata sun shigo ne kawai. Yadda suka fita, shi rahoton naku bai faɗa ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Taro da horo da shirin rediyo aiki ne da aka yi, an kashe kuɗi a kansu, dole a lissafa su. Sai dai ba dominsu aka ba ku tallafin ba. Matar da mijinta ya sake ta ya bar mata yara huɗu ba ta ƙaru da komai ba don an tara limamai da masu unguwanni a otal an raba musu alawus, sai ranar da kuɗin ciyarwa ya shiga hannunta.

Ga abin da nake yi idan aka kira ni bita irin wannan, ke ma za ki iya. Ki nemi littafin rijistar ƙorafi, ba rahoto ba. Ki zaɓi ƙorafi talatin ko arba'in da kanki, misali kowane na biyar a jere, daga watannin farko na shirin domin sun samu lokacin kammaluwa. Kada ki bari ma'aikata su zaɓa miki, ba don ba su da gaskiya ba, sai don kowa ɗansa mai kyau yake nuna wa baƙo. Sai a bi kowace mace ɗaya bayan ɗaya: me ta zo nema, ina aka tura ta, sau nawa ta je, nawa ta kashe, wata nawa aka ɗauka, kuma yau ina maganar ta kwana.

Za ki ga abu na farko da ba ya cikin rahoto. Mafi yawan matan ba shari'ar da ke fitowa a jarida ta kawo su ba. Duniya ta san shari'ar Amina Lawal, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke daga tuhumar zina a watan Satumba na 2003, bayan lauyoyinta sun kafa hujja daga cikin fiƙihun Malikiyya kansa. Amma abin da ke cika benci a kotunan Shari'a kullum shi ne ciyarwa, da neman takardar saki, da khul'i, da raba aure saboda cutarwa, da riƙon 'ya'ya, da gado. A waɗannan, matsalar ba rashin doka ba ce. Alƙur'ani ya yanka wa matar mamaci ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan babu. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, idan uwar ta yi wani aure sai riƙon ya koma wajen kaka ta wajen uwa, kuma ciyarwa tana kan uba duk inda yaran suke. Haƙƙin a rubuce yake. Abin da ke hana shi isa hannun mai shi ƙananan abubuwa ne: kuɗin mota, kuɗin shigar da ƙara, kuɗin kai sammaci, ɗage zama sau biyar saboda wanda ake ƙara bai zo ba, da wan miji da ya ce gona ba ta rabuwa. Idan shirin naku bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to bai taɓa inda ke ciwo ba.

Abu na biyu ya fi muhimmanci, shi ne zartar da hukunci. Ma'aikata sukan rufe fayil ranar da alƙali ya yanke hukunci, su rubuta an yi nasara. Na taɓa bin irin waɗannan fayiloli a wata ƙungiya, na tarar da matar da aka yanke wa tsohon mijinta kuɗin ciyarwa duk wata. Ya biya watan farko a gaban kotu, ya biya rabin na biyu, daga nan ya canza lambar waya. A takarda tana cikin waɗanda suka yi nasara. A gida tana soya awara a ƙofar gidan mahaifinta tana ciyar da yaran. Ba wanda ya gaya mata tana iya komawa kotun da ta yi hukuncin ta nemi a tilasta shi. Don haka ki tambaya: cikin matan da kotu ta ba su gaskiya ko aka yi musu sulhu, nawa ne aka koma wajensu bayan wata uku ko shida aka tabbatar abin ya tabbata? Idan amsar ita ce ba a komawa, wannan shi ne babban abin da bitarku ta gano, kuma gyaransa ba shi da tsada.

Sai sulhu. Ina ganin girmansa, kuma mata da yawa shi suke so, domin ba kowace ke neman a ɗaure uban 'ya'yanta ba. Mai unguwa da dagaci da Hisbah da zauren sulhu sun fi kotu kusa, sun fi ta sauri da araha. Amma kalmar "an sasanta" a rijista tana ɗaukar abu biyu mabambanta. Akwai sulhun da aka rubuta sharuɗɗa, aka sa shaidu, mace ta fita da wani abu a hannu. Akwai kuma wanda aka taru aka ce mata ta yi haƙuri ta koma, aure ibada ne. Ki buɗe fayilolin da aka rubuta wa "an sasanta" ki ga wane iri ne ya fi yawa. Idan kuwa kika ga fyaɗe a cikinsu, ki tsayar da taron a nan. Fyaɗe laifi ne da hukuma ke gurfanarwa, ba rikicin iyali ba ne da za a kashe da kuɗin magani.

A shari'ar fyaɗe ma'aunin daban ne, lokaci ne ke hukunci. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, shaidar likita ma tana raunana da kowace rana. Ki duba kwana nawa ake ɗauka daga zuwan yarinya ofis zuwa ganin likita. Daga nan ki bi fayil ɗin: ya bar ofishin 'yan sanda? An kai Ma'aikatar Shari'a domin shawara? Shawarar ta fito? An shigar da ƙara a Babbar Kotu? Yawancin irin waɗannan shari'o'i a tsakanin waɗannan tebura suke mutuwa, iyaye su gaji da zirga-zirga, shaidu su watse. Shirin da ke da mutum guda mai bin fayil daga tebur zuwa tebur ya fi mai taro goma.

Watakila rahoton naku ya yi alfahari da batun doka. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta amince da tata. Kaduna ta yi a 2018, jihohi da dama suka biyo baya, musamman bayan gwamnoni sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yuni na 2020. Idan jiharku na ciki, madalla, amma ba aikin ƙungiya ɗaya ba ne, kada ku rubuta shi a matsayin naku. Abin da za ku iya aunawa shi ne ko masu gabatar da ƙara na amfani da ita, ko wata mace ta taɓa samun umarnin kariya ko diyya a ƙarƙashinta a kotunan yankinku.

Masu ba da tallafi za su zo da nasu ma'aunai, galibi shida: ko shirin ya dace da buƙata, ko ya jitu da ayyukan wasu, ko ya cimma burinsa, ko kuɗin ya tafi daidai, wane tasiri ya bari, da ko zai ɗore. Kada sunayen su razana ki, fayiloli arba'in ɗin nan za su amsa huɗu daga ciki. Na ƙarshen ne nake so ki matsa a kai. Manyan shirye-shirye sun zo sun wuce: na gwamnatin Birtaniya kan adalci ga kowa ya ƙare a 2017, na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin mata, wanda ya yi aiki a Sakkwato da Adamawa, ya ƙare a 2023. Naku ma saura shekara ɗaya da rabi. Wa zai biya mataimakan shari'a na unguwa, wato waɗanda ba lauyoyi ba amma aka horar da su taimaka wa masu ƙara, bayan nan? Akwai yarjejeniya a rubuce da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko reshen ƙungiyar lauyoyi mata, ko Ma'aikatar Mata, cewa za su karɓi waɗanda kuke turawa? Akwai layi a kasafin kuɗin jiha? Yanzu ne lokacin wannan tambaya, ba watan rufe ofis ba.

Kafin ku fita neman matan, a kiyaye. Mace ce za ta yi musu tambaya, ba ma'aikaciyar da ta riƙe ƙorafinsu ba, domin kunya za ta sa su ce komai lafiya. A nemi izininsu tukuna, su zaɓi wuri da lokaci. Kada a faka motar ƙungiya a ƙofar gidan miji. Ba suna, ba hoto a rahoto. Kuma ku nemi waɗanda suka zo sau ɗaya ba su dawo ba, ko da biyar ne, ku ji abin da ya mayar da su. Ku tambayi kanku kuma su wa ba su zo ba sam: matan ƙauye, masu kulle, kurame, guragu, 'yan gudun hijira. Adireshin da ke rijista zai nuna miki ko unguwanni uku na kusa da ofis kaɗai kuke yi wa aiki.

Idan ma'aikata suka ce rijistar ba ta da waɗannan bayanai, kada ki mayar da shi laifi, domin abin da aka ce su ƙirga suka ƙirga. Ki nemi a ƙara layi huɗu a littafin daga wata mai zuwa: abin da ta nema, abin da ta samu, abin da ta kashe, da halin da take ciki bayan wata shida. Sannan ki roƙi masu tallafin su yarda a rage taro biyu ko uku daga kasafin rabin da ya rage, a mayar da kuɗin wajen motar masu ƙara, da kai sammaci, da albashin mai bin hukunci. Bitar tsakiyar wa'adi ita ce lokacin da aka fi amincewa da irin wannan sauyi, musamman idan kin ajiye musu fayilolin a kan tebur.