Fatawa: Na shiga gidan zu a Caina na ba dabbobi abinci, lada na samu ko zunubi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne a nan Garwa, watan jiya na je Gwanzu sarin kayan waya, ranar da muka gama loda kaya sai abokin tafiyata ya ce mu leƙa gidan zu mu sha iska. A wajen raƙumin dawa suna sayar da ganye, na saya na miƙa masa har ya lashe min hannu da bakin hannun riga, kuma da rigar na yi la'asar. Da muka zo wajen birai akwai allo an zana hannu an ja masa jan layi, amma wani ɗan ƙaramin biri ya zuba min ido tausayi ya kama ni na jefa masa biskit mai cakulan da ledarsa. Da na dawo ina nuna hotuna a shago sai yayana ya ce shiga wurin ma haramun ne, wai kurkukun dabbobi ne na je na ba su kuɗina. Malam meye gaskiya, kuma sallata ta yi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji sannu da hanya, Allah ya sa albarka a kayan da aka saro.

Shiga gidan zu halal ne, ba ka yi laifi ba da ka yanki tikiti ka shiga. Allah da kansa ya ce a Suratul Gashiya aya ta 17 shin ba sa duba raƙumi yadda aka halicce shi, to wanda ya tsaya gaban raƙumin dawa ya ɗaga kai ya ce subhanallah ai ya yi abin da aka nema. Mu nan muna ganin dorina a kogin Binuwai, akwai raƙuman dawa a gandun dajin Waza na nan Kamaru da giwaye a Zakuma ta Cadi, amma mutum nawa ne a kasuwarku ya taɓa zuwa can? Mafi yawan yaranmu a waya kawai suka san zaki.

Maganar yayanka kar ka raina ta, tausayi ne ya sa shi faɗa, kuma akwai malaman da suka ƙi a tsare tsuntsu a keji don kallo kawai. Sai dai abin da ya fi ƙarfi shi ne hadisin Anas a Buhari da Muslim, ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) in ya zo gidan sai ya riƙa tsokanarsa yana tambayar ina labarin ɗan tsuntsun, bai taɓa cewa a sake shi ba. Ibnu Hajar ya kawo cewa Ibnul Kass ya ciro fa'ida 60 daga wannan ɗan gajeren hadisi, cikinsu har da halaccin ajiye tsuntsu a keji. Ita kuwa matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, a duba lafazin hadisin da kyau, ta ɗaure ta ne ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nemi nata ba. Yunwar ce musibar. Don haka in ka san wani wuri da ake barin dabba da yunwa haƙarƙari a waje, ko ake dukanta don ta yi wasa a ba da kuɗi, nan kam ina tare da yayanka, kar ka kai musu ko dala.

Yanzu maganar abinci, a nan nake so ka tsaya da ni sosai. Ganyen da ka saya a hannun masu wurin ka ba raƙumin dawa babu komai, ina ma sa maka ran lada in ka yi niyya, tunda da sahabbai suka ji labarin mutumin da ya shayar da kare da huffinsa suka tambaya ashe muna da lada a kan dabbobi, Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Abincinsa ne, masu kula da shi ne suka auna suka fito da shi.

Biskit ɗin biri fa daban ne Alhaji, wannan kuskure ne kuma ba sadaka ba ce. Ka ga allon, ka gane abin da yake nufi duk da ba ka jin yarensu, tikitin da ka yanka yarjejeniya ce tsakaninka da masu wurin kuma musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka, ko a ƙasar da ba ta musulmi ba, a can ma ya fi kamata ka kiyaye don da hularka da rigarka ake ganinka. Sannan dabbar ba taka ba ce. Babban abin kuma cutarwa, hadisin la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa, ai kowa ya haddace shi. Kai kana ganin biskit ɗaya ne, amma in duk wanda ya wuce ya jefa ɗaya fa? Sukari da cakulan ba cimarsu ba ce, suna lalata musu haƙora da ciki. Ita leda kuwa ba sai an ba mutumin Garwa labari ba, ni da idona na tsaya ana gyaran ragon layya, mahauci ya farka tumbi ya zaro dunƙulen baƙar leda ya kai girman ƙwarya, ragon nan ashe shi ya sa yake ta ramewa muna ta ba shi dusa da harawa a banza. Tun ranar ba na iya ganin leda a gaban dabba in wuce. Kuma biri in ya saba karɓa a hannun mutane gobe yaron wani zai fizga ko ya ciza.

Na san tausayi ne ya ja ka, wannan zuciyar kar ka rasa ta. Babu kaffara a kanka, ka yi istigfari kada ka sake, in ka koma ka ga wani zai jefa ka hana shi cikin lalama.

Sallarka ta yi, ba sai ka rama ba. A mazhabarmu ta Imamu Malik duk mai rai tsarkakakke ne, da yawunsa da guminsa da hawayensa, har kare ma, balle raƙumin dawa. Abin lura shi ne fitsari da kashin dabbar da ba a cin namanta, in ya taɓa tufa sai an wanke kafin a yi salla. Hannun kam da ka wanke da sabulu kafin ka ci abinci, wannan don lafiyarka ne ba don najasa ba.

Wallahu a'alam.