Amsa ga ɗan'uwan da bola ta toshe musu layi

Assalamu alaikum 'yan gida. Ɗan'uwa da ya rubuto jiya daga Yamai cewa bola ta toshe bakin layinsu, ruwa na kwana ƙofar gidaje, taksi ba ya yarda shi shiga, kuma wani ya ce su tara kuɗi shi kai musu maganar meri, wato ofishin magajin gari, shina tambaya ko su ba shi ko akwai wata hanya. Wallahi da na karanta sai da na aje waya na yi shiru, don kamar labarin gidana ka rubuta. Ɗan'uwa don girman Allah kada ku ba shi ko dala. Mu mun ba irinshi, kuma har gobe ban huce ba.

Layinmu gangare ne, tun da na tare a unguwar ruwan sama ta ƙarshen layin yake bi shi faɗa babban kanibo, wato magudanar ruwa, na bakin gudron. Sai wani mai hali ya sayi filin da ke can ƙasa, ya sa anka zuba motoci na jan ƙasa, ya tada katanga ta siminti daidai inda ruwan ke wucewa. Mun je munka same shi da dattawa, ya ce filinshi ne da takardunshi. Kafin wata shida jikin katangar ya zama bola, kowa ya fito da dare shi zuba, har masu amalanken da muke biya duk wata su kwashe muna shara, ashe ba nisa suke kai ta ba, nan suke juye ta su koma. Lokacin ne wani ɗan unguwarmu, mutumin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, ya ce ya san manya, a tara jika bibbiyu kowane gida shi zai sa a kawo mota a kwashe bolar a kuma gina kanibo. Mun fi gida talatin. Har wata tsohuwa mai tuyar ƙosai da ke riƙe da marayu ta kunce bakin zanenta ta ƙirgo mishi ƙananan kuɗi a gabana, wannan hoton shi ne ba ya fita raina. Babu kitansi, babu resi, ko sunan wanda zai gani bai faɗa muna ba, kullum sai "patron ya yi tafiya", "an ce sati mai zuwa", har damina ta faɗi.

Daren da abin ya faru cikin watan Agusta ne na 2024, kun dai san yadda daminar ta kasance, ba sai na faɗa ba. Wajen ƙarfe biyu na dare matata ta tashe ni ta ce tabarma ta jiƙe. Na sauko da ƙafa sai na ji ruwa har idon sawu, ga an ɗauke wuta, kafin in lalubo tocila ya kai ƙwauri. Kuma ba ruwan sama ne tsabtatacce ba ɗan'uwa, ruwan bola ne baƙi ƙirin, leda da ƙunzugun yara da mushen kaza suna yawo tsakar gidana, salanga ta cika ta tumbatso ta haɗe da shi. Mahaifiyata ba ta iya tafiya, goya ta na yi kamar jaririya na fita da ita tana salati a kunnena, ina taka abin da ban gani ba, kwalba ta yanke ni a tafin ƙafa ban ma ji ba sai da gari ya waye. Na dawo ɗaukar yara ke nan ɗakin banko da muke aje kaya ya zube, da ƙaramar ɗiyata na ciki da yanzu wani zance ake yi. Keken ɗinkina da nake ci da iyali da shi ya kwana cikin laka, shaddodin mutane da anka ba ni ɗinkin biki duk sun lalace sai da na biya, takardun haihuwar yara sun zama kamar kunu. Mun yi makonni cikin aji a lakwal da wasu iyalai, labule kawai ke raba mu, shekarar ce ma anka ɗage komawa makaranta har 28 ga Oktoba. Can ɗiyata ta kamu da palu, zazzaɓin cizon sauro, kwana huɗu muna likita da ƙarin ruwa.

Shi kuma mutumin da ya ci kuɗinmu, da ya gan ni bayan sallar Juma'a sai ya kama hannuna biyu ya ce sai haƙuri, ikon Allah ne. Na san ikon Allah ne, ban taɓa musu ba, amma ba Allah ya ce ka karɓi kuɗin mai ƙosai ka sa aljihu ba. Ya sayi sabon moto a watan. Ban yafe ba, na faɗa mishi a gaban liman kuma ina sake faɗa nan. Mai katangar ma ko sannu bai aiko ba, gidanshi na tudu ko ɗigo bai shiga ba.

Abin da na koya daga baya, da wahala na koye shi, maganar baki ba ta aiki a ofis. Ku rubuta takarda, ku samu wani malamin lakwal shi rubuta muku da Faransanci, ku sa hannu gida gida da lambar waya, ku yi kofi biyu, in kun kai a buga muku tampo da kwanan wata bisa ɗaya ku dawo da ita gida. Wannan kofin shi ne makaminku, duk komawar da za ku yi da shi za ku riƙa zuwa. Kuma kada ku tsallake mai unguwa, ku fara da shi, shi sa hannu, in da hali ku tafi tare, don ana sauraron shi fiye da mu. Ku fara da merin kwamin ɗinku, tunda Yamai kwamin biyar ce, kowace da merinta, ku tabbatar wacce layinku ya faɗa ciki, in aikin ya fi ƙarfinsu su ne za su tura ku babbar ma'aikatar magajin gari. Ku tambayi masu kula da tsabta da masu kula da hanyoyi, sashe daban daban ne. Wani zai ce muku ai yanzu ba kansiloli, gaskiya ne tun Afrilu 2024 anka rusa majalisun anka naɗa masu riƙo, amma ma'aikatan na nan, ofisoshin na buɗe, shara da kanibo da hanyoyin cikin unguwa har yanzu aikin meri ne. Abin da ba nasu ba shi ne manyan hanyoyin ƙasa irin wadda ta fita zuwa Dosso, wannan na ministan ayyuka ne, kada ku ɓata ƙafa.

Kuma ku tafi da mata, wallahi ranar da matan layinmu sunka bi mu da goyo a baya, ranar anka ba mu kujera.

Kada ku jira hadari ya haɗu. Afrilu da Mayu ne lokacin yasar kanibo, in Yuli ta shiga kowa kuka yake kawowa, motocin ba su isa ba. Ku ɗauki hoto yanzu, ku ɗauki bidiyo ranar da anka yi ruwa na farko a ga inda yake tsayawa. In kuna zargin wani ya ci hanya da gini kamar namu, ku roƙi a fito da taswirar lotisma, wadda anka yanka filayen unguwa da ita, a auna, kada ku je da diga ku fasa katangar mutum, matasanmu sun so yin haka mun hana, da mu ne za mu kwana kwamisariya. In an ce ku biya wani abu, ko kuɗin man mota ne, a ba ku kitansi, in babu kitansi babu kuɗi.

Sannan mu ma mu ji tsoron Allah. Tun 2014 akwai doka kan leda a ƙasar ga, amma je ka leƙa kowane kanibo ko kwarin Gunti Yena da ya ratsa Yamai ka gani, ledar ruwa ce da baƙar leda fal, mu muka zuba su. Wasu kuma da sun ga hadari sai su turo yara da bokitin shara su juye cikin ruwa wai shi tafi da ita, ina za shi kai ta in ba ɗakin maƙwabcinka ba? Masu amalanken ku ma ku bi su rana ɗaya ku ga inda suke juyewa kafin ku ƙara biyansu. Kuma wannan ɗabi'ar ta kowa shi zuba ɓaraguzan gini ƙofar gidanshi shi tada dakali, kana tsare kanka ne kana tura ruwan ga wanda bai da kuɗin mota guda ta ƙasa, mu haka ta kai mu ga faɗa tsakaninmu har wasu ba su gaisawa.

Zancen taksi kuwa ni ban ga laifinsu ba sosai, mutum ba zai sa motar da yake biyan bersima kullum, wato kuɗin da yake kai ma mai motar, cikin laka ba, ko dai shi ce kurs biyu ko shi aje ka bakin gudron. Amma ka yi tunanin mai naƙuda da dare, mu sai a amalanke munka fitar da matar maƙwabcina har inda mota ke iya tsayawa. Ku sa wannan cikin takardar, ku rubuta cewa ko motar pompiye ba ta iya shiga layin.

Mu sai a zuwa na huɗu anka turo mota da katafila sunka kwashe bolar, kwana biyu suna aiki, munka sa matasa gadi da dare kada a sake zubawa. Kanibon dai ba a gina ba har yanzu, katangar na nan, mun jera buhunan rairai a ƙofa, kuma tsohuwata in ta ji tsawa ba ta barci sai ta kira sunana ta ji na amsa. Kofin takardarmu na wurina, ka yi mini magana ta pirebe in ɗauko maka hotonta ku canza sunan unguwa kawai.